Katharine Drexel: 'Yar Mai Banki Da Ta Gina Wa Baƙaƙen Fata Jami'a

A wannan fitowar za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu kawo muku labarin wata mata Kirista 'yar ɗarikar Katolika mai suna Katharine Drexel. Ta gaji dukiya mai ɗimbin yawa daga mahaifinta, amma ta ƙarar da rabonta wajen gina makarantu ga yaran da aka hana karatu saboda launin fatarsu. Ɗaya daga cikin makarantun nan ta fara ne a matsayin sakandare, a wani tsohon gini da 'yan ta'adi suka farfasa wa tagogi. Yau ta zama jami'a da ake ji da ita. Labarin yana da ɗan tsawo, don haka duk wanda ƙararrawa ta katse shi, ya dawo lokacin tara ya ƙarasa.

Haihuwarta da kuruciyarta

An haifi Katharine ranar 26 ga Nuwamba, 1858, a birnin Filadelfiya. Mahaifinta Francis Drexel babban mai banki ne, kuma gidansu na cikin gidajen da suka fi kuɗi a Amurka a wancan zamani. Makonni biyar kacal da haihuwarta mahaifiyarta Hannah ta rasu. Sai ɗan'uwan mahaifinta, Anthony Drexel, da matarsa suka riƙe ta tare da yayarta Elizabeth har tsawon shekara biyu. A 1860 mahaifin ya auri wata mata mai suna Emma Bouvier, yaran suka dawo gida, daga baya aka haifa musu ƙanwa mai suna Louise.

Mun saba jin labarin matar uba mai gallaza wa 'ya'yan miji, amma Emma ba haka take ba. Ta riƙe su tamkar ita ta haife su. A wasu ranaku na kowane mako takan buɗe ƙofar gidan ga mabukata, a raba musu abinci da tufafi da kuɗin haya. Ba ta barin 'yan matan su zauna a ɗaki suna kallo, sai ta sa su cikin aikin. Idan aka ji labarin wata gwauruwa da kunya ta hana ta zuwa karɓa, su ne za su neme ta har gida a asirce. A gida aka ɗauko musu malamai suka yi karatu, kuma mahaifinsu yakan kai su yawon buɗe ido a Amurka da Turai.

Daga nan jarrabawa ta zo. Emma ta kamu da ciwon daji, Katharine ta yi jinyarta shekara uku har ta rasu a 1883. A nan ta ga cewa duk kuɗin bankin mahaifinta ba su iya rage wa mamarta zafin ciwo ba. Shekara biyu bayan haka, a 1885, mahaifin ma ya rasu.

Wasiyyar mahaifinta

Ku riƙe wannan wurin da kyau, domin zai dawo a ƙarshen labari. Francis Drexel ya bar dukiyar da ta haura dala miliyan 15. Ya ware kashi ɗaya cikin goma domin sadaka. Sauran, kimanin dala miliyan 14, bai danƙa wa 'ya'yansa a hannu ba. Yana tsoron mazan da za su aure su don kwaɗayin kuɗi. Sai ya tsara cewa a ajiye uwar kuɗin, su riƙa cin ribar da take haifarwa muddin suna raye. Idan wata ta rasu ba ɗa, rabonta ya koma ga 'yan uwanta. Idan duka ukun suka rasu ba su bar 'ya'ya ba, a raba uwar kuɗin ga wasu cibiyoyin taimako da ya lissafa da kansa.

Yaran da ba su da makaranta

A wancan lokaci akwai jama'a iri biyu da aka danne a Amurka. Na farko su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can, suka ƙwace musu filaye, suka killace su a wasu yankuna cikin talauci. Na biyu su ne baƙaƙen fata, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka, da yawansu daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma, aka sayar a matsayin bayi. An haramta bauta a Amurka a 1865, lokacin Katharine tana 'yar shekara shida zuwa bakwai. Amma a jihohin kudu an kafa dokokin wariya. Makaranta daban, asibiti daban, har taragon jirgin ƙasa daban. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan wariyar ba ta saɓa wa doka ba, kuma shari'ar ta taso ne daga birnin New Orleans, inda aka kama wani mutum mai suna Homer Plessy don ya zauna a taragon farar fata.

A 1884 Katharine ta yi tafiya zuwa yammacin Amurka tare da iyalinsu, ta ga halin da 'yan asalin ƙasar suke ciki. Bayan rasuwar mahaifinta ta fara aika kuɗi ana gina musu makarantu. Sai dai gini ba ya koyar da kansa, ana bukatar malamai. A watan Janairu na 1887 ita da 'yan uwanta suka samu ganin Paparoma Leo na 13 a birnin Roma. Ta roƙe shi ya tura masu aikin mishan zuwa makarantun. Maimakon ya yi mata alkawari, sai ya ba ta shawarar ita da kanta ta shiga aikin. Wannan amsa ta girgiza ta ƙwarai. A cikin wannan shekarar ta zagaya yankunan 'yan asalin ƙasar, har ta gana da shahararren shugabansu Red Cloud.

Ta zama sista

Ga waɗanda ba su sani ba, a ɗarikar Katolika akwai matan da ake kira sista. Sukan ɗauki alkawarin ba za su yi aure ba, ba za su tara abin duniya don kansu ba, kuma za su yi biyayya ga ƙa'idar ƙungiyarsu. Da yawansu malaman makaranta ne ko ma'aikatan jinya. Katharine ta daɗe tana shawara da Bishop James O'Connor, wanda ya san ta tun tana yarinya. Da farko ya ce ta dakata ta ƙara tunani. Daga baya ya amince, har ya nuna mata cewa ta kafa sabuwar ƙungiya ta musamman domin wannan aiki.

A 1889 ta shiga gidan horon sistoci a birnin Pittsburgh. Jaridu suka yi ta yayata labarin, mutanen gari suna mamakin yadda 'yar masu kuɗi za ta bar daula. Ranar 12 ga Fabrairu, 1891, ta ɗauki alkawarinta, ta kafa ƙungiyar Sisters of the Blessed Sacrament tare da wasu mata 13. Tun ana gina hedikwatarsu a wajen Filadelfiya aka tsinci nakiya kusa da wurin. Tun ranar suka san cewa ba kowa ne ke son aikin nan ba.

A 1894 ta tura sistoci zuwa makarantar St. Catherine da ke Santa Fe, domin yaran 'yan asalin ƙasar. A 1899 aka buɗe makarantar 'yan mata baƙaƙen fata a Rock Castle da ke jihar Virginia. A 1902 aka buɗe ta St. Michael a yankin ƙabilar Navajo. Sau da yawa idan za ta sayi fili a kudu, sai ta bi ta hannun wani wakili, domin in masu filin suka san makarantar baƙaƙe za a yi, ba za su sayar ba. Haka ta faru a birnin Nashville a 1905. Da mai gidan ya gane abin da za a yi da shi, ya yi ta ƙoƙarin a warware cinikin, ita kuwa ta ƙi. A 1922 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙin baƙar fata, suka liƙa takardar barazana a ƙofar wani coci a garin Beaumont na jihar Texas, inda sistocinta suke koyarwa. Duk da haka ba a rufe makarantar ba.

Yadda aka kafa Xavier

Yanzu mun zo kan makarantar da ta fi kowacce suna. A birnin New Orleans na jihar Louisiana akwai baƙaƙen fata da yawa, kuma da dama daga cikinsu Katolika ne. A 1900 hukumar makarantun birnin ta yanke cewa karatun yaran baƙaƙe a makarantun gwamnati zai tsaya a aji biyar. Ku yi tunani, 'yan uwa. Da a can muke a lokacin, da babu ɗayanmu da zai ga ƙofar ƙaramar sakandare, balle ya tsaya yana karanta wannan allo.

Akwai wata makarantar jiha ta baƙaƙen fata a birnin mai suna Southern University, wadda take da sashen sakandare. A 1914 aka ɗauke ta aka mayar kusa da Baton Rouge, ginin da take ciki a titin Magazine ya zama kango. Iyaye suka rasa inda za su kai 'ya'yansu. Babban bishop na birnin, James Blenk, ya nemi taimakon Katharine. A 1915 ta sayi ginin, ita ma ta hannun wakili. Da labari ya fita, wasu suka je suka farfasa tagogin. Aka gyara, aka buɗe makaranta a wannan shekarar. Sunan da aka ba ta shi ne Xavier, ana furta shi Zebiya, don tunawa da Francis Xavier, wani mai wa'azin Katolika da ya yi aiki a Indiya da Japan fiye da shekara 400 da suka wuce. Sai a 1917 gwamnati ta buɗe sakandare ta farko ta baƙaƙen fata a birnin, wato Xavier ta riga ta da shekara biyu.

Makarantar ta girma ne mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. A 1917 aka ƙara sashen horar da malamai, domin koyarwa na cikin 'yan ayyukan da baƙar fata mai ilimi zai iya samu a lokacin, ga kuma ƙauyuka cike da yaran da ba su da malami. Katharine ta gina ƙananan makarantu a ƙauyukan Louisiana, tana ɗaukar waɗanda suka gama Xavier tana biyansu albashi su koyar a can. Ta haka makaranta ɗaya ta riƙa ciyar da makarantu da yawa.

A 1925 aka buɗe kwalejin da ke ba da digiri, Xavier ta zama jami'a, kuma ɗaliban farko suka karɓi digirinsu a 1928. A 1927 aka buɗe sashen harhaɗa magunguna. Wannan ma ba a banza aka zaɓe shi ba. Unguwannin baƙaƙe suna fama da ƙarancin likitoci da masu ba da magani, kuma makarantun farar fata na kudu ba sa karɓar baƙi su koyi wannan sana'a. Da ɗalibai suka yi wa tsohon ginin yawa, aka sayi sabon fili a 1929, aka gina babban gini na dutse wanda aka ƙaddamar a 1932. Jami'a ta koma can, sakandare ta ci gaba da zama a titin Magazine.

Masu son wasanni ga naku. Ralph Metcalfe, ɗan tseren da ya zo na biyu bayan Jesse Owens a gudun mita 100 a gasar Olamfik ta 1936 a Jamus, ya koyar a Xavier kuma ya horar da 'yan tserenta.

Halinta

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda take rayuwa. Matar da take sa hannu a kan takardun dubban daloli, takan yi rubutu da fensir har ya zama guntun da yatsu ba sa iya riƙewa sosai. Takan juya tsohon ambulan ta yi rubutu a bayansa. Tufafinta da takalmanta sai an yi ta yi musu faci. Idan za ta yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa don duba makarantu, kujerar masu ƙaramin ƙarfi take nema. A lissafinta, duk abin da ta rage a kanta zai je ga wani yaro.

Ba a gina makaranta kaɗai ta tsaya ba. Ta tallafa wa ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, kuma ta goyi bayan neman dokar da za ta hana kisan gillar da gungun mutane ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. Yawan kyautarta ya sa a shekarun 1920 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar sauƙaƙa haraji ga wanda yake ba da kusan duk abin da yake samu sadaka.

Ƙarshen rayuwarta

A 1935 ta samu bugun zuciya mai tsanani, a 1937 ta sauka daga shugabancin ƙungiyar. Ta yi kusan shekara ashirin a hedikwatarsu, yawanci a ɗaki tana addu'a. Ta rayu har ta ga 1954, shekarar da Kotun Ƙoli ta ce raba makarantu saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Ta rasu ranar 3 ga Maris, 1955, tana da shekara 96. A lokacin ƙungiyarta tana da sistoci fiye da 500 masu koyarwa a makarantu kimanin 60, kuma an ƙiyasta abin da ta kashe ya kai dala miliyan 20.

Kun tuna wasiyyar nan? Elizabeth da Louise sun riga ta rasuwa, kuma babu wadda ta bar ɗa. Don haka ranar da Katharine ta rasu, kuɗin suka tsaya cak. Aka raba uwar kuɗin ga cibiyoyin da mahaifinta ya rubuta tun kafin 1885. Babu Xavier a ciki, babu ƙungiyar sistocin, domin ba a kafa su ba a lokacin da ya yi wasiyyar. Da a ce ta rasu tana matashiya, da tun tuni famfon ya ƙafe, kuma da wuya a ce an gina jami'ar. Tsawon ran da Allah ya ba ta ne ya sa kuɗin suka yi ta gudana shekara saba'in.

Xavier bayan rasuwarta

Jami'ar ba ta mutu ba. Ta koyi neman tallafi daga wasu wurare, tsofaffin ɗalibanta kuma suka tsaya mata. A 1968 aka naɗa Norman Francis shugabanta. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin, kuma tsohon ɗalibinta ne. Ya yi shekara 47 a kan kujerar, har zuwa 2015. A zamaninsa aka ba da ƙarfi ga darussan kimiyya, har Xavier ta yi suna a duk Amurka wajen yawan ɗalibai baƙaƙen fata da take turawa makarantun koyon aikin likita, duk da ita ƙaramar jami'a ce. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Ernest Morial, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New Orleans, da Alexis Herman wadda ta yi ministar ƙwadago, da Regina Benjamin wadda ta zama babbar likitar gwamnatin Amurka a 2009.

A watan Agusta na 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa New Orleans, ruwa ya mamaye harabar jami'ar. Mutane da yawa sun ɗauka ta gama yawo. Amma a watan Janairu na 2006 aka koma aji. Cikin waɗanda suka kawo ɗauki har da ƙasar Katar ta Larabawa, wadda ta ba da miliyoyin daloli aka faɗaɗa sashen harhaɗa magunguna, kuma sabon ginin yana ɗauke da sunan Katar. Ƙasar Musulmi ta taimaki jami'ar Katolika, kuma yawancin ɗaliban jami'ar a yau ma ba Katolika ba ne. Ita kuwa sakandaren titin Magazine, a 2013 sistocin suka ce ba za su iya ci gaba da riƙe ta ba. Sai tsofaffin ɗalibai suka haɗa kai suka karɓe ta, suka sa mata sunan Katharine Drexel.

Ranar 1 ga Oktoba, 2000, lokacin da Najeriya take bikin cika shekara 40 da samun 'yancin kai, Paparoma John Paul na 2 ya ayyana Katharine a matsayin waliyyiya a ɗarikar Katolika. A wannan ranar ce kuma aka ayyana Josephine Bakhita, 'yar yankin Darfur na Sudan, wadda aka sace tana yarinya aka sayar a matsayin baiwa.

Inda muka yi gardama

Da muke haɗa wannan labari a kulob, ba duka muka yarda da juna ba. Wasunmu sun nuna cewa makarantun kwana da aka yi wa yaran 'yan asalin Amurka a wancan zamani, na gwamnati da na mishan, sun raba yara da yawa da harshensu da al'adunsu, kuma har yau jikokinsu suna kuka da haka. Mu da muke rubuta wannan shafi da Hausa mun san ba za mu so a hana mu harshenmu ba. Wasu kuma sun tuna cewa ƙungiyar tata ta yi shekaru masu yawa ba ta karɓar mata baƙaƙen fata su zama sistoci a cikinta, alhali 'ya'yansu take koyarwa. Sauranmu suka ce duk da haka, a lokacin da masu kuɗi irinta suke gina fadoji, ita aji ta gina, kuma an yi mata barazana ba ta fasa ba. Mun tashi a kan cewa mu rubuta duka biyun, ku yi hukunci da kanku.

Abin da muka ɗauka

A garinmu ma akwai masu hali, akwai kuma yaran da suke gama firamare su tsaya, musamman mata, saboda kuɗin yunifom da littattafai. Kowannenmu ya san aƙalla mutum ɗaya da muka yi aji shida tare amma bai zo nan ba. Ba mu da miliyoyin Katharine, amma guntun fensir ɗinta bai fi ƙarfinmu ba. Saboda haka kulob ya ajiye kwali a ƙarƙashin wannan allo. Duk mai tsohon littafin karatu da ya gama da shi, ko biro, ko littafin rubutu da ya rage shafuka, ya saka a ciki. Ranar Juma'a malamarmu mai kula da kulob za ta raba wa 'yan aji ɗaya da suke bukata, ba tare da an kira sunan kowa a asambali ba.

Tambayar mako: Me ya sa kuɗin Drexel suka daina zuwa wa Xavier a 1955? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Wanda ya fara kawo amsa daidai, sunansa zai fito a wannan allo. Don Allah kada a yage takardar, akwai waɗanda ba su karanta ba tukuna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Kulob ɗin 'Yan Jarida, Ƙaramar Sakandare